Zambon da ya kai kamfani ga biya

Ni a da in an ce waƙar Indiya, soyayya kawai na sani: saurayi da budurwa suna zagaya itace cikin sinima. Bana bayan girbi ɗan ƙanena ya zo hutu daga lakkwal. Ya kunna mini wata waƙa a salula. Wata budurwa ce take zuba magana da sauri bisa kiɗa. Na ce masa wannan ai faɗa ne. Ya ce: "Baffa, sunanta hip-hop. Tsaya in fassara maka."

Budurwar sunanta Sofia Ashraf, mutuniyar birnin Cennai ce, a kudancin Indiya. A 2015 ta ɗauki kiɗan wata waƙar rawa ta Nicki Minaj, mawaƙiyar Amurka. Ta zubar da kalmomin, ta ɗora nata. Da su ta yi wa kamfanin Unilever zambo. Abin dariyar ke nan: kiɗan sharholiya, amma maganar guba ake yi.

Ga mafarin zancen. A garin Kodaikanal, bisa duwatsu, kamfanin yana da gidan ƙera ma'aunin zafin jiki, irin wanda likita ke sa wa marar lafiya. Cikinsa akwai zaiba, ruwan ƙarfen nan mai ƙyalli. Guba ce. A 2001 aka iske fasassun kwalabe masu zaiba jibge wurin mai sayen tarkace. Hukuma ta rufe gidan. Ma'aikata suka ce sun kamu da ciwo, kamfani ya musanta. Shari'a ta yi ta jan ƙafa.

Waƙar ta bazu, miliyoyin mutane suka kalla. A watan Maris na 2016 kamfanin ya yarda ya biya tsofaffin ma'aikata 591, ko da yake bai ce laifinsa ne ba.

Ba na cewa waƙa kaɗai ta yi aikin. Ma'aikatan sun yi shekara 15 suna fama. Amma na san zambo. Na ga attajirin da bai jin tsoron alƙali, ya ji maroƙi ya ambaci rowarsa a kasuwa, nan take ya sa hannu aljihu.

Yaron ya kunna mini wata kuma, ta Baba Sehgal, ta 1992. Sunanta da Indiyanci "ruwa mai sanyi-sanyi". Ita wasa ce zalla. Na yi dariya, amma ta budurwar na ce ya maimaita mini.