Mun Je Neman Baba a Ƙasar Gobir

Zane guda ɗaya ne ya tashe mu tafiyar nan. Mu uku ne, ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, biyu 'yan Sabon Birni, ɗaya ɗan Isa. A wani hutu kakar ɗayanmu ta buɗe adudunta tana neman tasbaha, sai ga wani zane mai nauyi, saƙar hannu, shuɗi ne amma ya yi duhu har ya kusa zama baƙi. Ta ce da shi aka kai ta ɗakin miji. Yau tana da tattaɓa-kunne, zanen kuwa bai koɗe ba, alhali atamfar da aka saya wa jikarta da ƙaramar salla ta riga ta fita hayyacinta. Da aka tambaye ta inda aka rina shi, sai ta nuna yamma da haɓa ta ce, "Nan bayan gari, da baba."

Kada ku ce mahaifinmu ne ya ɓata. Baban da muke nufi tsiro ne mai ƙananan ganye, wanda ake samun shuni daga jikinsa. Shi muka fita nema da hutun zangon nan ya zo.

Daga tashar Sakkwato mota ta bi da mu ta Achida da Goronyo. Duk ɗan yankinmu ya san yadda wannan tafiya ta koma a 'yan shekarun nan saboda 'yan bindiga. Ana fita da hantsi, ba a yarda la'asar ta riski mutum a hanya, kuma da an wuce Goronyo hira kan mutu a cikin mota. Iyayenmu ma sai da suka kafa mana sharaɗi: cikin gari kawai, ban da ƙauye, ban da daji. Shi ya sa ba mu je kufan Alkalawa ba, tsohon babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, ko da yake yana cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni. Bayan faɗuwarsa ne Gobirawa suka watsu. Wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi bayan yaƙin Gawakuke na 1836, daga baya kuma Ɗan Halima ya rabu da su ya zo ya kafa Sabon Birni. Har gobe dangi na nan tsallaken iyaka, ana aure da ciniki tsakani.

A Sabon Birni samari huɗu muka tambaya ina marina take. Uku suka kwatanta mana shagon mai rinin shadda. Na huɗun ne ya haɗa mu da wani dattijo mai zanen Gobirci a kumatu, yana zaune bakin masallaci.

"Ku ɗiyan boko, mi za ku yi da marina?" in ji shi.

Muka ce, "Baba, gani muke so mu yi." Ya yi dariya, ya jawo sandarsa.

Inda ya kai mu, da mu kaɗai ne da mun wuce ba mu lura ba. Fili ne da awaki ke kwance, ga wasu da'irori a ƙasa kamar bakin rijiya, duk sun cika da ƙasa da leda. Ya riƙa taɓa su da sanda ɗaya bayan ɗaya yana faɗin na wane ne. "Wanga na tsohona na. Dauri in ka taho nan da sahe ba ka samun wurin tsayawa." Ya ce zurfin wasu ya fi tsayin mutum biyu.

Nan muka zauna ya warware mana aikin. Ana yanke baba, a daka ganyen, a cura, a shanya ya bushe. Ranar haɗi sai a cika rami da ruwa, a zuba toka da katsi da busasshen baban, a rufe. Kwanaki ake yi ana jira, ana motsawa da doguwar sanda, har kumfa ta taso, wari ya canja. Marini ba shi da ma'auni sai hancinsa da harshensa, yakan ɗanɗana ruwan ya san ko ya nuna. "Rami rai gare shi," in ji dattijon. "Yana jin yunwa, yana gajiya, yana mutuwa."

Mun ɗauka salon magana ce ta tsofaffi, sai ɗan'uwanmu mai karatun kimiyyar sinadarai ya ce ai gaskiya ce tsagwaronta, kuma ku 'yan ajin kimiyya ku buɗe kunne. Shuni ba ya narkewa a ruwa, don haka ba zai kama zare haka kawai ba. Toka ce ke mayar da ruwan mai kaifi, abin da malaminku ke kira alkali (ba na kotu ba). A cikin irin wannan ruwa wasu ƙwayoyin bakteriya ke rayuwa, su cinye iskar oksijin, su juya shunin zuwa wani kamanni da ke narkewa. Shi ya sa in an tsamo zane daga rami ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore ne mai ɗan rawaya. Sai ya sha iska, a gaban idonka, ya rikiɗe ya koma shuɗi, launin ya maƙale cikin zaren. A sake tsomawa, a sake shanyawa. Yawan tsomi shi ne duhun launi. Zanen kaka wataƙila ya shiga rami ya fita sau da yawa kafin a kai shi mabuga a buge shi ya yi ƙyalli.

Abin da ya fi burge mu shi ne katsi. In rami ya mutu, ba zubar da laka ake yi ba. Ana kwashe ta daga ƙasan ramin, a cura, a shanya, a ƙone, ta zama katsi, a mayar da ita cikin sabon haɗi. Da katsin nan kuma ake yin laso, simintin gargajiya da ake shafe cikin ramin da shi don kada ya yi yoyo. Shi kansa baba dangin wake ne da gyaɗa, saiwarsa na ƙara wa ƙasa naitirojin. Tun daga gona har rami, da wuya ka nuna abin da ya tafi a banza.

To me ya kashe sana'ar? Dattijon ya amsa da kalma ɗaya: galura, wato rinin kanti. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, bisa binciken Adolf von Baeyer. Sannu a hankali abin da ke cin kwanaki ya koma aikin awa ɗaya. Daga baya yadi mai araha ya cika kasuwa, gwanjo ya biyo baya. Amma ya ƙara da wani dalilin da ba ya cikin littafi. Ko da yau wani ya ce zai tayar da rami, ina zai samo baba? Gonar da mahaifinsa ke shuka shi tana nesa da gari, kuma shekara huɗu ke nan bai taka ta ba. Wanda bai samu ya noma gero ba, ba ya zancen shuni. 'Ya'yansa kuwa, ɗaya na kabu-kabu a Sakkwato, ɗaya na Legas. Ba wanda ya koya.

Bayan kwana biyu muka wuce Isa. Can muka ga rini na raye, amma na galura. Wani saurayi sa'anmu yana aiki da rabin duro a kan wuta, yana zuba garin launi da soda da wani farin gari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Shaddoji kala-kala na shanye a igiya, kyawawa ƙwarai. Hannuwansa duk sun tsattsage duk da safar roba, ruwan da ya gama da shi kuma kwata yake bi, inda yara ke wasa, agwagi na sha. Ba mu ga laifinsa ba. Da wannan duron yake ciyar da mahaifiyarsa da ƙannensa, kuma mai shadda gobe yake son kayansa, ba mako mai zuwa ba. Mu ma da muke tsaye muna tambayarsa, rinin kanti ne a jikinmu daga sama har ƙasa.

A gidan su abokinmu, gwaggonsa ta yi mana karatun da ba mu zata ba. Ashe kalmar rawaya sunan tsiro ce, saiwarsa ake daka a samu launin. Karan dafi, wata irin dawa, shi ke ba da jan da dukawa ke rina fatar akuya da shi, bayan majema sun jeme ta da bagaruwa. Irin wannan fata ta jar akuyar Sakkwato ce ta riƙa ƙetare Sahara har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, don ta can take isa gare su. Ta ambaci gangamau, ta ambaci lalle. Da muka gaya mata abokan wasanmu Yarbawa har yau suna cin kasuwar adire a Abekuta, asalinsa ma da talaki ake rinawa, sai ta ce ai a wajenmu suka gani. Wannan dai tsakaninta da su.

A intanet yanzu za ku ga manyan masu ɗinki na Turai da Amurka na ta zancen sutura mai ɗorewa, wadda ba ta ɓata ruwa da ƙasa, ba ta zaluntar ma'aikaci. Maganar ta ƙara ƙarfi bayan ginin Rana Plaza ya rufta a Bangaladash a 2013, ya kashe masu ɗinki fiye da 1,100. Suna biyan kuɗi mai yawa a kan yadin da aka rina da ganye. A Kano, marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa an kafa ta tun 1498, na nan tana aiki, baƙi na zuwa kallo suna saye. Lokacin da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851 ya rubuta cewa rinannen yadinta na kaiwa har Tambutu da Tarabulus.

A ganinmu baba ba zai kori galura ba, kuma duk wanda ya ce muku zai tufatar da Najeriya da rami, ya faɗi son ransa. Yana da tsada, yana cin lokaci, sabon rini yana zuba a jiki. Amma a ce ilimin ya bi dattijo ɗaya kabari a garin da ke da makarantun sakandare da ɗakunan gwaji, wannan ya tsaya mana a rai. Awon tokar nan, da yadda ake gane ruwa ya nuna, ba mu gan su a rubuce ko'ina ba.

Saboda haka da muka koma Sabon Birni muka sake neman dattijon, muka ɗauki muryarsa a waya kusan awa biyu. Wata mai kayan koli ta samo mana ɗan busasshen baba da ta ce daga Maraɗi aka kawo. Muka haɗa a tsohuwar randa a bayan ɗakin girki, yana tsaye yana yi mana faɗa a kan yawan toka. Kwana biyar ba abin da ya faru sai wari, har inna ta ce ko mu ko randar, ɗaya zai bar mata gida. Hutu ya ƙare muka dawo makaranta, muka bar wa ƙanenmu ɗan aji biyar amanar motsawa safe da yamma.

Daren jiya ya turo hoto. Farin hankici ne ya tsoma, ya fito da shuɗi mai haske, dabbare-dabbare, gefe ɗaya bai kama ba. Ya ce ya kai wa dattijon, ya juya shi, ya shinshina, ya ce a ƙara toka kaɗan a sake tsomawa jibi.