A Rufe Ko A Bari A Buɗe?

"Malam, bayan akwatin nan, a rufe ko a bari a buɗe?"

Tambayar da wani dattijon kafinta ya yi mini ke nan a unguwar Sabo ta Ibadan, ni kuwa da digirina uku na tsaya ina kallonsa ba amsa. Jita nake kaɗawa tun ina ɗalibi, amma a ɗaki kawai, sai bara da ɗalibanmu suka matsa in raka su da kiɗa a bikin al'adun Hausa na shekara-shekara. Na tattara ɗan abin da ya rage na albashi na sayi lasifika kwance mai faɗin inci 12 da ƙaramar amfilifaya, saura akwatin da za a ɗaura ta. Kuɗin akwati ɗaya gare ni, don haka babu damar in gwada biyu in zaɓa. Na nemi ya ba ni mako guda.

Abin da na fahimta a makon nan shi ne, takardar nan mai siffar mazurari da ke cikin lasifika gaba da baya take rawa, saboda haka amo biyu take fitarwa, kuma kishiyoyin juna ne: in ta tura iska gaba, ta janye ta baya ke nan. Idan bayan akwati a buɗe yake, amon baya yakan zagayo ya haɗu da na gaba, su cinye juna wajen muryoyi masu kauri. Sai kiɗa ya fito sakayau, ya daki bango ya watsu ko'ina a ɗaki. Haka aka ƙera Fender Twin Reverb ta Amurka da Vox AC30 ta Ingila. Idan kuwa an rufe, iskar da aka kulle ciki ita ke riƙe takardar, kauri ya fito a dunƙule, amo ya miƙe gaba sak kamar hasken tocila. Wannan ita ce hanyar manyan akwatunan Marshall masu lasifika huɗu, kamfanin da Jim Marshall ya kafa a Landan a 1962, irin waɗanda Jimi Hendrix ya riƙa jerawa a bayansa.

In faɗi gaskiya, sunan Hendrix ne ya yanke hukunci, ba ilimin ba. Na koma na ce, "Baba, a rufe ruf." Ya dube ni, ya ɗauko allon katako, amma ya ƙi sa gam, ya ɗaure shi da ƙusoshi masu kwancewa. A lokacin na ɗauka rowar gam ce.

Ranar gwajin farko a zauren lacca, na ajiye akwatin a gaban dandamali yana fuskantar kujeru, ni ina gefensa ta gaba. Mai kalangunmu, ɗalibin ajin ƙarshe, yaro mai kunya wanda ya koyi kiɗa a gidansu, yana zaune can baya. Sau uku muna farawa yana kuskure mini taki. A na huɗu 'yan mata masu amshi suka fashe da dariya, ni kuma, Allah ya yafe mini, na ce masa a gaban kowa in bai shirya ba a nemo wani. Bai ce uffan ba. Ya rataya kalangunsa ya fita.

Bayan an watse na roƙi wani ɗalibi ya riƙa bugun tsirkiyar jitar, na je na zauna a kujerar yaron. Abin da ya iso kunnena wani gunji ne dusu-dusu, sai amsa-kuwwa da ke dawowa daga bangon ƙarshen zaure a makare. Ashe da inuwar kiɗana yake tafiya, ba da kiɗan ba. Shekara goma sha biyar ina koya wa ɗalibai cewa waƙar baka ba ta tsayuwa sai mawaƙi da makaɗa da 'yan amshi suna jin juna, ga shi na kulle kiɗana na aika wa kujerun da babu kowa.

Da sukudireba na kwance allon a daren. Ba zan ce ban yi asara ba: kaurin nan mai dukan ƙirji ya tafi, kuma na san duk ranar da aka fitar da mu fili, inda babu bangon da zai maido da amo, jitar za ta koma siririya kamar kukuma. Amma zaure ya cika, na gefe da na baya kowa ya samu rabonsa.

Neman yaron ya fi kwance allon wuya. Kwana biyu na yi kafin in same shi a bakin masallacin jami'a bayan la'asar. Na ce laifina ne, na ba shi haƙuri. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Malam." Sai da aka yi gwaji biyu ba shi, a na uku ya shigo ya zauna daidai bayan akwatin.

Allon yana nan jingine a bayan kantar littattafai a ofishina, ƙusoshinsa cikin ambulan.