Jan da Ban Taɓa Gani Ba

Ina aji huɗu a firamare Inna ta aike ni sayen tumatir. Na tsaya na zaɓo masu ƙwari, na dawo ina jiran yabo. Ta leƙa ledar ta ce, "Kai, ina idonka? Rabinsu ɗanyu ne." Na sha faɗa, na kuma yarda cewa sakarcina ne.

Sai da na shekara 23, wajen gwajin lafiya na neman aiki, aka buɗe mini wani littafi mai cike da ɗige-ɗige kala-kala, aka ce in karanta lambar da ke kowane shafi. Na farko na ga 12. Daga nan sai ɗige kawai, kamar an watsa gero. Gwajin Ishihara ke nan, wanda wani likitan ido ɗan Japan ya fitar a 1917. Aikin dai ban samu ba.

Likitar ta ce a can cikin ido akwai ƙwayoyi iri uku masu karɓar launi, ni kuwa masu karɓar ja ne ba ni da su. Gado ne, namiji ta wajen uwa yake ɗaukowa, shi ya sa ya fi yawa a maza. Ashe Innar da ta yi mini faɗan tumatir ita ta ba ni.

Wasu suna zaton baƙi da fari nake ganin duniya. A'a. Shuɗi da rawaya garau nake ganinsu. Ja ne yake dushewa ya koma duhu, har jan rubutu a kan baƙar riga ya ɓace mini. Danja ba ta ba ni wahala, na haddace cewa ta sama ita ce tsaya. Fitilar birki ce matsalar. Wani dare saura ƙiris in afka wa mai adaidaita, don sai da na zo dab na lura ya tsaya, ga 'yata a bayan babur. Tun ranar na bar tuƙin dare.

Kwanaki na sake karanta wani gajeren labarina, na tarar na rubuta "idanunta suka yi jawur". Na daɗe ina kallon jimlar. Arowa na yi daga littattafan mutane, ban taɓa ganin abin da take nufi ba. Na goge, na rubuta yadda muryarta ta shaƙe, don wannan kam na sani.

Tumatir kuwa har yau latsawa nake yi, mai kayan miya yana harara ta.