Albashi da Sa Zuciya

Samarinmu na Birnin Kudu da Gwaram suna aikin kamfani a Sharaɗa da Bompai cikin Kano. A 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000, amma kuɗin mota da kwanon shinkafa suna cinye shi.

Tsofaffin ɗalibaina biyu suna masana'anta ɗaya, albashinsu ɗaya. Na farko yana cin bashi, yana jiran ƙarin girma. Na biyu yana zubin adashi, da damina ya aika kuɗin taki gida, gero yana jiransa a rumbu. Dukansu suna sa zuciya, amma na biyun ne ke samun barci. Dogara ga Ubangiji ba ta hana mutum riƙe fartanya. Iyaye, mu koya wa 'ya'yanmu wannan.