Baffana Bai Taɓa Duka Na Ba

Duk lokacin da na so in kai ƙarar Baffana wajen wani babba, tambaya ɗaya ce take rufe mini baki: "To, dukanka yake yi?" Sai in ce a'a. "Abinci yake hana ka?" A'a. Daga nan sai a dube ni a ce, "Kai dai yaro ka cika butulci, tashi ka ba mu wuri." Shekara bakwai na yi a gidansa, kuma wallahi ko tsinke bai taɓa ɗaga mini ba. Amma na bar gidan nan ban iya sayen ko da takalmi ba sai na tambayi wani ko ya yi kyau, domin na daina yarda da idona.

Ina da shekara 12 mahaifinmu ya rasu. Ranar sadakar arba'in Baffa ya miƙe a gaban dangi ya ce shi zai riƙe ni, ya sa ni makaranta a birni. Mata suka yi ta sa masa albarka, Inna kuwa kara ta hana ta cewa komai. Ya cika alkawari, ban hana shi wannan ba. Sai dai tun daga ran nan kowace loma na ci tana da lissafi. Idan baƙi sun zo zaure sai ya kira ni, ya dafa kaina ya ce, "Ga ɗana nan, ɗan marigayi, ba na bambanta shi da nawa." Da sun fita sai ya dubi rigar da ke jikina ya ce, "Ubanka ya taɓa ɗinka maka irinta?" Gori ke nan, kowa ya san shi. Amma shi gori aƙalla kana ganinsa yana zuwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne musu. Zai ce da ni da daddare in kai kuɗi wajen mai hatsi da safe. In kai. Da azahar ya ce yaushe ya faɗa? Ya tara matan gida ya ce su duba yaron nan, ko dai kansa ba daidai yake ba. Ba ya ɗaga murya, har dariya yake yi, shi ya sa kowa ke gaskata shi. Sa'an nan sai gaba ta biyo baya: kwana uku, kwana huɗu, in durƙusa in ce, "Baffa, ina kwana?" ya wuce kamar da bango nake magana, ni kuwa in kwana ina laluben laifina. Ran na biyar sai ga shi da tsire a takarda, "Ɗana, zo ka ci." Ku yarda da ni, daɗin da nake ji ran nan ya fi na sallah, kuma wannan daɗin shi ne igiyar da ya ɗaure ni da ita. Idan hutu ya zo ya ce Inna ta aiko kada in je, hannunta babu kuɗi. Sai bayan shekaru na ji cewa ita kuma ce mata yake yi na zama ɗan birni, ba na son ƙauye.

Na daɗe ina zaton halin Baffa ne shi kaɗai, sai da na kama aikin akawu a wani ofis kafin in shigo jami'a. Shugabanmu mutum ne mai fara'a da yawan kyauta. Satin farko ya kira ni ya ce, "Duk ofishin nan kai kaɗai na yarda da kai, sauran munafukai ne, ka riƙa kawo mini abin da suke cewa." Na fito ina jin kaina a sama. Ashe kowane ɗayanmu an gaya masa haka, shi ya sa mu shida muke ɗaki ɗaya amma ba mai sakin jiki da wani. Ba ya ba da umurni a rubuce. In aiki ya yi kyau nasa ne, in ya ɓaci sai takardar tuhuma ta same ka, ka ce, "Ranka ya daɗe, ai kai ka ce," ya ce, "Ni? Ka dai sake tunani." Da na ji wannan kalma sai gabana ya faɗi, don na san muryar.

Masinja ne ya cece ni, wani dattijo da ya ga shugabanni da yawa sun zo sun wuce. Ya ce, "Malam ƙarami, sayi littafi. Duk abin da ya ce ka yi, rubuta da rana da lokaci, ka kuma maimaita masa a gaban mutum." Na yi haka. Ban taɓa nuna wa shugaban littafin ba, kaina nake nuna wa. Bayan wata biyu na zauna na karanta, na ga sau tara ya musa abin da ya faɗa da bakinsa, kuma ko sau ɗaya ba ni ne na manta ba. Na yi kuka ran nan, amma ba don ofis ba.

Turawa ma sun san irin mutanen nan. A 1938 wani marubucin Ingila, Patrick Hamilton, ya yi wasan kwaikwayo mai suna Gas Light, aka mai da shi fim a Amurka a 1944, inda fitilun gida ke dusashewa, matar gida ta faɗa, miji ya ce idonta ne, har ta fara zaton ta haukace. Daga sunan wasan suka samo kalmar da suke kiran wannan hali da ita. A nan Nijeriya kuwa dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta lissafa cutarwa ta baki da ta zuciya cikin laifuffuka. Amma wane ɗan riƙo ne zai kai ƙanen ubansa kotu?

Mu da muke nazarin Hausa mun sha jin laccar Kirk-Greene a kan Mutumin Kirki, wadda aka buga a 1974, inda ya jero halaye kamar gaskiya da amana da haƙuri da kunya da ladabi. Ban musa ko ɗaya ba. Abin da ban ji an tattauna a aji ba shi ne yadda makiri ke kama ka da waɗannan halaye naka. Ya san kunya ba za ta bar ka ka ce da babba ya yi ƙarya ba. Ya san in ka kai kuka za a ce ka yi haƙuri, mahaƙurci mawadaci. Mara kunya ba ya kamuwa a wannan tarko, mai tarbiyya shi ne abin farauta.

Ban yanke zumunci ba, ba kuma zan yanke ba. Ina zuwa gaishe shi da sallah, amma ba na zuwa ni kaɗai, ba na kwana, ba na karɓar ko kwabo, ba na kuma ba shi labarin abin da nake ciki, domin duk sirrin da ka ba irinsu sanda ce ka miƙa. In ya soma, "Ka tuna lokacin da," sai in ce, "Na gode, Baffa, Allah ya saka," in yi shiru. Gardama abincinsa ce, na daina dafa masa. Ya gaya wa dangi boko ya lalata ni, wasu sun yarda, kuma wannan yana yi mini zafi har yanzu.

Watan jiya ya aika wa Inna cewa a ba shi ƙanena, autanmu, tun da ya gama firamare. Dangi sun ce alheri ne. Na je gida na zauna da Inna a ɗakinta, na gaya mata abin da ban taɓa gaya mata ba, har da saƙonnin hutun nan. Ta daɗe tana kallon ƙasa, sa'an nan ta ce, "To, in ban ba shi ba, me zan ce da mutane?" Na ce ta ce ni na hana, zan ɗauki kuɗin makarantarsa daga ɗan abin da nake samu na koyarwar yamma. Ba ta amsa ba tukuna. Ranar Juma'a Baffa zai zo da mota.