Warin da ya kusa raba mu da Iya mai kifi

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ke riƙe da kwanon abinci ya ajiye tukuna, domin maganarmu ta yau a kan kare ce da abin da ke ƙarƙashin wutsiyarsa. Da ba don ta kusa jawo mana abin kunya a unguwa ba, da ba mu kawo ta wannan shafi ba.

Gidanmu na haya ne a nan cikin Sabo. Iyali shida muke, ga kuma ɗakin ajiyar goro na mai gidan a bakin zaure. Tun daminar da ɓarayi suka fasa ɗakin har sau biyu aka kawo kare. Baƙi ne wuluk, yara suka sa masa Duna. Ba ya shiga ɗaki, ba ya kusantar inda ake salla. Da rana yana ɗaure a lungun baya, da dare Baba mai gadi ya sake shi. Shekara huɗu ko ƙwayar goro ba ta ɓata ba. Amma tsakani da Allah, babu wanda ya taɓa tsayawa ya dube shi da kyau. Mu dai mu ji haushinsa cikin dare, mu gyara kwanciya.

Bayan Babbar Salla da kamar mako uku sai wani ƙarni ya sauka a gidan, irin na kifin da ya kwana uku a rana. Ya zo, ya tafi, ya dawo. Muka ɗaga buhuna muna neman mushen ɓera, babu. Muka kira mai yasar kwata, muka zuba Izal har ido na yaji, wari na nan daram.

Daga nan ido ya koma kan Iya, Bayarabiyar da muke katanga ɗaya da ita, mai bandar kifi. Ta fi shekara ashirin tana maƙwabtaka da mu. In famfo ya ɗauke, rijiyarta matanmu ke zuwa. Duk da haka habaici ya fara tsallake katanga. Wani saurayi a cikinmu har ya ce zai kira duba-gari, wole-wole in ji mutanen gari. Iya ta leƙo ta ce da mai gidan, da 'yar Hausarta: “Alhaji, kifina ba ya kwana. Ku duba gidanku.” Washegari ta sa wa rijiya kwaɗo, gaisuwa ma ta ɗauke. Duk wanda ya tuna abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021 ya san yadda 'yar cacar baki tsakaninmu da 'yan gari kan zama gobara. Mun sani sarai, amma hanci ya rufe mana tunani.

Baba mai gadi ne ya warware zancen. Wata safiya ya tara mu ya ce: “'Ya'yana, ku zo ku ga ikon Allah.” Muka tarar da Duna yana jan gindi a kan siminti kamar yaro mai koyon rarrafe. Ya tashi ya juya yana lasar ƙarƙashin wutsiya, yana cizon tushenta. Baba ya ce kwana da kwanaki ke nan ba ya iya zama daidai, in zai yi kashi kuma sai ya yi ta kuka. Inda ya ja jiki ya bar wani maiƙo ruwan ƙasa, kuma ba sai an sunkuya ba, warin nan ne dai da muka ɗora wa Iya.

Nan fa shawara ta rabu. Wani ya ce tsutsar ciki ce. Wani ya ce a wanke wurin da Izal ko a shafa baƙin mai. Wasu suka ce a kai shi nesa a yar, a samo wani. Malam Liman da ke zaune a ɗakin farko ya ce: “A'a, jama'a. Dabbar da ka ɗaure, cinta da shanta da lafiyarta suna wuyanka. Shekara huɗu yana gadinku kuna barci, yau don ya yi wari za ku yar da shi?” Kowa ya yi tsit. Sai da muka tsayar da masu keke uku kafin ɗaya ya yarda ya kai mu asibitin dabbobi na Mokola.

Abin da likitan ya koya mana shi ne muke son ya kai ga kowa. Kowane kare, mace ko namiji, yana da 'yan jakunkuna biyu a cikin fata a gefen duburarsa. In ka ɗauki wurin kamar fuskar agogo, ɗaya tana wajen ƙarfe 4, ɗaya wajen ƙarfe 8. Suna tara wani ruwa mai maiƙo da ƙarni, wanda shi ne shaidar kare a wurin 'yan'uwansa, shi ya sa in karnuka suka haɗu sai su kama shinshinar bayan juna. In kashi ya fito da tauri daidai, shi ke matse jakunkunan su zubar da ɗan kaɗan. Kare kan kuma saki ruwan gaba ɗaya in ya firgita. To amma in ya daɗe yana zawo ko kashi mai laushi, babu abin da zai matse su. Ruwan ya taru ya yi kauri, ƙofar ta toshe, ƙwayoyin cuta su shiga, ƙarshe ya zama ƙurji ya fashe a gefen dubura da jini da mugunya. Ƙiba ma tana jawo shi, kuma ya fi damun ƙananan karnuka irin na Turawa.

Da likita ya tambayi abin da muke ba shi, sai muka kama kallon juna. Duk kitsen layya, da guntun kayan ciki, da miyar da ta kwana, Duna muka riƙa juye wa, mu a ganinmu gata muke yi masa. Ruwa ba ya tsami banza.

Aka sa masa takunkumi, likita ya sa safar hannu ya matse jakar dama. Ta hagu ta riga ta kumbura ta zama ƙurji, sai da aka fasa aka wanke, aka ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta da na rage zafi. Ya ce mu riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi, mu daina ba shi kitse da yaji da albasa da dafaffen ƙashi, mu riƙa haɗa masa da 'yar dafaffiyar kabewa don kashi ya ɗaure. Ya ja mana kunne a kan Izal da baƙin mai da kananzir: suna ƙona fata, kare ya lasa kuma su zame masa guba. Haka maganin ciwon jiki na mutane, kada a ba kare. Ya ƙara da cewa mai maganar tsutsa bai yi nisa da gaskiya ba, don tsila ma tana sa jan gindi, ana ganin gutsattsarinta kamar ƙwayar shinkafa a gashin wurin. Shi ya sa dubawa ta fi zato. Tunda mun je, aka yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare. Kuɗin duka bai kai abin da muka kashe a kan Izal da mai yasar kwata ba.

A hanyar dawowa Baba ya yi ta dariya. Ya ce ai mutanen da sun san wannan: warin bodari daga irin wurin nan yake fitowa, turaren juda ma da iyayenmu ke ji da shi daga ƙarƙashin wutsiyar tunku ake kwaso shi.

Cikin kwana goma wari ya ɗauke, Duna ya dawo da haushinsa. Abin da ya rage shi ne mai wuyar. Muka ɗauki ƙwaryar goro, maza da mata, mai gidan a gaba, muka je muka durƙusa wa Iya. Ta saurare mu har ƙarshe, sannan ta kwashe da dariya ta ce: “Ashe mai gadinku ne!” Da yamma muka ga an cire kwaɗon rijiya. Amma mun lura ta ɗan jima kafin ta koma aiko wa yaranmu kan kifi kamar da, kuma ba mu ga laifinta ba.

'Yan'uwa masu karnuka a gareji da shaguna da gidajen ajiya, in kun ga kare na jan gindi, ko yana yawan lasar baya, ko ƙarni na tashi daga inda yake kwana, ciwo ne ke cinsa, wanka ba zai raba shi da shi ba. Ku kai shi a duba tun ƙurji bai fashe ba. In kuma wani wari ya dame ku a gida, ku fara zagaya lungunanku tukuna kafin ku leƙa ta katangar maƙwabci.