Karatun da ba a raba shi gida-gida

Aminiyata,

Ya Umma da ƙafar tata, ya kuma su Yaya da yara? Ki ce ina gaishe su da kyau. Mu nan Annapolis sanyi ya fara shigowa, iskar da ke tasowa daga tekun Chesapeake har cikin ƙashi take shiga, amma alhamdulillahi.

To, kin tambaye ni wai shin me nake karantawa ne takamaimai, tunda duk wanda ya tambayi Umma sai ta ce ita ma ba ta gane ba. Gaskiya tana da uzuri, don a wannan kwaleji ta St. John's babu zancen wannan ɗan sashen tarihi ne, wancan ɗan lissafi. Tun 1937, lokacin da Stringfellow Barr da Scott Buchanan suka sake wa makarantar tsari, kowane ɗalibi abu ɗaya yake bi shekara huɗu: falsafa da adabi da tarihi da lissafi da kimiyya da kiɗa, kuma duk daga littattafan asali ake ɗauko su, ba daga taƙaitawar wani ba. Shekara biyu ana koyon tsohon Girkanci, biyu kuma Faransanci.

Bari in ba ki labarin ajin lissafi, don shi ya fi kama min zuciya. Littafin Euclid muke bi, wanda aka rubuta tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma malamin ba ya tsayawa gaban allo, zama yake cikinmu. Ke za a kira ki tashi, ki ɗauki alli, ki zana da'irarki da layukanki, ki kafa hujja mataki-mataki ba tare da duba littafi ba, in kin tsallake wani mataki sai ki ji wata murya daga bayanki a hankali tana tambaya, ta yaya muka san haka? Ranar da na kai ƙarshen hujjar nan ta 47, wadda muka haddace a sakandare da sunan Pythagoras, na ga dalilinta da idona a kan allo, hannuna duk farin alli, wallahi daɗin da na ji sai da na so a ce kina wurin.

Da daddare kuma, Litinin da Alhamis, muna zama kewaye da dogon teburi, ba mu kai ashirin ba, da malamai biyu. Ɗayansu zai jefa tambaya guda a kan abin da muka karanta, ko Homer ko Plato, sai ya ja bakinsa ya bar mu da ita. Ba a kiran kowa da sunan yanka a aji, sai dai Malam wane, Malama wance, da sunan mahaifi, kuma kin san hakan yana sa ko gardama ta yi zafi mutum ya riƙe ladabinsa. Wannan tsari yakan tuna min da karatun zaure na gidanku, yadda Baba ke zaunar da ɗalibai su ƙare Ahalari kafin su taɓa Iziyya, littafi bayan littafi, ba gaggawa.

Abin da na fi ƙaruwa da shi shi ne ganin yadda ilmin yake riƙe da juna. Da safe kina fama da Euclid, da dare sai ki tarar Plato yana kafa misali da irin wannan zanen a maganarsa kan yadda ɗan Adam ke sanin abu, to daga nan ba kya ƙara kallon lissafi da falsafa a matsayin baƙin juna. Inda nake da ƙorafi kawai, littattafan kusan duk na Turawa ne, alhali Euclid ɗin nan da Ptolemy da ke biye da shi, malaman Bagadaza sun fassara su zuwa Larabci tun zamanin Abbasiyawa, sun yi musu sharhi ƙarnuka kafin Turai ta koma kansu. Nakan faɗi haka a aji, kuma ana saurare.

Na san tambayar da ke ranki, wane aiki za a samu da shi? Ba zan ɓoye miki ba, ba ya miƙa wa mutum sana'a a hannu kamar likitanci, yawanci sai an ɗora wani karatun a kai, lauya ko koyarwa ko aikin jarida. Amma ni dai ban taɓa karatun da ya sa nake sauraron mutum har ya dasa aya kafin in amsa ba sai wannan.

Don Allah in kin shiga kasuwar Kurmi ki duba min Muƙaddima ta Ibn Khaldun, ta Larabci, ki ajiye min wurin Umma, ina so in karanta ta da hutu. Kuma ki rubuto min labarin bikin ƙanwarki, kada ki rage komai.

Taki har kullum.